Asibiti a gidan tsofaffi: wa ke riƙe da mara lafiya idan tawaga ta tafi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun da aka buɗe wa masu kula biza a 2022, da yawanmu a gidajen tsofaffi muke aiki a nan Ingila, don haka maganar nan tamu ce. Ina nufin tsarin da NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, ta ɗauko na kawo asibiti gida, inda maimakon a kira ambulan a kwashi tsoho zuwa sashen gaggawa, tawaga ce za ta zo ta yi jinyarsa a kan gadonsa. Waɗanda suka san shi ciki da bai su warware mana: wane mara lafiya ake karɓa, me ake iya yi masa a ɗakin, kuma me ya rataya a wuyan mai kula? Ni dai a ganina gado ne ya ƙare a asibiti, aka juyo da kayan kan wanda ya fi kowa ƙaramin albashi.

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. A fara da bambance shi da abin da aka saba. Zagayen mako-mako da likitan unguwa ke yi a gidan daban, nas ɗin da ke zuwa wankin gyambo ma daban. A wannan tsarin an ba mutum gado ne a lissafin asibiti, yana ƙarƙashin babban likita ko wani babban ma'aikaci da aka ɗora wa alhakinsa, ana bitar lamarinsa kullum, ranar shiga da ranar sallama duk a rubuce. Galibi ba ya wuce kwana 14. NHS ta sa wa kanta burin gado 40 zuwa 50 ga kowane mutum 100,000, kuma ta haura gado 10,000 a Satumban 2023.

Abin da tawaga ke shigowa da shi ya danganta da yankin, amma mai kayan aiki za ta zo da 'yar na'urar gwajin jini da ke ba da sakamakon ƙoda da gishirin jiki cikin mintuna a bakin gado, da na'urar awon zuciya, da ta duba mafitsara, da kanula ('yar robar da ake sawa a jijiya ko ƙarƙashin fata) da ruwa da alluran jijiya. Wasu har da ƙaramar na'urar hoto da ake ɗorawa a ƙirji a ga ko ruwa ya taru. Hoton ƙirji ko na kai kuwa yawanci sai an kai shi an dawo da shi a ranar, ba tare da ya kwana a kan gadon turawa a baranda ba.

Likitan Tsofaffi:
Waɗanda suka fi dacewa: ciwon huhu da bai kai ga injin numfashi ba, ciwon mafitsara ko ƙoda, kumburin fatar ƙafa da ƙwayar magani ta kasa, gazawar zuciya da ruwa ya taru, bushewar jiki da ta fara taɓa ƙoda, da ruɗewa ta farat ɗaya idan an gano sanadinta. Waɗanda ba a tsayawa shawara a kansu: karayar ƙugu, alamun shanyewar ɓarin jiki da suka fara yanzu, wanda ya bugu a kai alhali yana shan maganin tsinka jini, aman jini ko baƙin bahaya, ciki da ya ɗaure kamar katako, da wanda awon jininsa ya faɗi warwas. Waɗannan na kiran 999 ne, lambar ambulan ta gaggawa, sai dai idan tun can an rubuta cewa ba asibiti a lissafinsa.

Batun gado ya ƙare gaskiya ne, ba wanda zai musa. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ki ɗauki tsohuwa mai ciwon mantuwa, shekara 88, ki raba ta da ɗakin da ta sani da fuskokin da ta sani, ki kwantar da ita ƙarƙashin fitilar da ba a kashewa, an baro tabarau da haƙoran roba a gida. Kafin gari ya waye ta fizge kanula, an ba ta maganin kwantarwa, ta daina ci, an sa mata robar fitsari. Ciwon huhun zai warke, amma wadda za a dawo muku da ita ba ta ƙara taka ƙafarta.

An gwada abin a gidajen tsofaffi 22 a Ontario ta Kanada, aka buga a 2006. Mazauna 680 masu ciwon huhu ko makamancinsa, aka raba gidajen biyu. Rukuni ɗaya aka yi musu jinya a wurin da maganin sha, hoton ƙirji na tafi-da-gidanka, awon oksijin da ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata. Kashi 10 cikin ɗari ne suka ƙare a asibiti, ɗaya rukunin kuwa kashi 22, kuma ba a ga bambancin a zo a gani ba a yawan mutuwa. Babban gwajin Birtaniya na 2021, mai mutum 1,055, shi ma ya nuna ruɗewa ta fi ƙaranci a waɗanda aka yi wa jinya a gida.

Anti Metiron:
Likita, ranka ya daɗe, na 2021 ɗin nan mutanen da ke zaune a gidajensu ne, kada mu jawo shi inda bai je ba. Na Ontario kuma nas-nas ne na musamman suke bibiyar marasa lafiyar. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tawaga za ta zo sau ɗaya ko biyu a yini, a haɗa duka da ƙyar a kai awa biyu. Sauran awa 22 fa? Mafi ƙarancin abin da NHS ta gindaya shi ne tawaga ta yi aiki daga 8 na safe zuwa 8 na dare, kwana bakwai. Bayan nan sai abin da kowane yanki ya tsara, wani wurin lambar 111 ta neman shawarar lafiya ce kawai.

Sannan gidajen kansu iri biyu ne. Akwai mai nas dare da rana, akwai wanda masu kula ne zalla. A na biyun, ƙarfe 3 na dare, mutum biyu ne a kan bene guda, ɗaya yana canza wa wani shimfiɗa, ɗaya yana bin wanda ya fito yawo. Ko a gida mai nas ɗin ma, ba kowace nas ce aka sahale wa allurar jijiya ba. Duk tawagar da ta karɓi mara lafiya ba ta tambayi mutum nawa ke kwana a gidan ba, ta gina ɗaki ba tushe.

Maman Ilham:
Allah ya saka Anti, nan nake. To a ce an riga an karɓe shi. Me ya kamata a bar wa mai aikin dare a hannu kafin a tafi?

Baban Sadik:
Takarda guda, shafi ɗaya, a ɗakin mara lafiyar, ba a ofishin manaja da ake kullewa ƙarfe 5 ba. A ciki: me ke damunsa, sau nawa za a auna shi, lambobin da idan an gani a kira tawaga, lambobin da idan an gani a kira 999, da lambar wayar da mutum zai ɗaga da daddare.

Awon kuwa NEWS2 ne, tsarin ba da maki a kan abubuwa shida: numfashi a minti, oksijin, lambar sama ta awon jini, bugun zuciya, zafin jiki, da hayyaci. Wanda ke kan oksijin ana ƙara masa maki 2. Jimla 5 a kira yanzu, 7 gaggawa ce, a kuma kira idan abu ɗaya shi kaɗai ya ba da 3, kamar numfashi 25 ko fiye, lambar sama 90 ko ƙasa, ko sabuwar ruɗewa. Gidaje da yawa RESTORE2 suke amfani da shi, wanda ya haɗa wannan da ƙananan alamu: ya ƙi shayinsa, ya yi shiru, barci ya yi yawa, fitsari ya ragu.

Inda aka fi yin ha'inci shi ne numfashi. Na'ura ba ta ƙirga shi, sai a rubuta 18 a wuce. Ki duba takarda ki ga 18, 18, 18 kwana uku, kin san ba wanda ya ƙirga. Alhali shi ne yake fara canzawa, kafin oksijin, kafin awon jini. A riƙe wuyan hannunsa kamar ana jin bugu, ido a kan ƙirji ko bargo, a ƙirga minti guda cur. Idan ya san ana ƙirgawa zai canza yadda yake numfashin. Kada kuma a jira zazzaɓi. Tsoho yakan yi mummunan ciwo jikinsa ba zafi, 35.0 ko ƙasa ma maki 3 ne.

Yaya Fiziyo:
Ƙari a kan na'urar yatsa. A yatsa mai sanyi, ko mai jan farce, ko mai karkarwa, lambar ƙarya take bayarwa. A ɗumama hannun, a jira minti guda lambar ta tsaya, a gwada bugun da take nunawa da wanda ake ji a wuyan hannu. Idan sun saɓa, kada a yarda da ita. A baƙar fata kuma takan nuna sama da gaskiya. Binciken Michigan na 2020 ya samu cewa ƙarancin oksijin da na'urar ta ɓoye ya kusa ninka uku a baƙaƙe idan aka kwatanta da farare. Idan ta ce 94 amma mutum yana haki, ba ya iya ƙarasa jimla, a gaskata mutumin. Haka gyambon kwanciya: jan da aka koya muku ku nema ba ya fitowa a fatarmu. Sai an taɓa diddige da gindin baya an ji ko wurin ya fi zafi, ya yi tauri, ko ya fi kewayensa duhu. Wanda ciwo ya kwantar kuwa a juya shi aƙalla kowace awa 4, kuma da ya ɗan farfaɗo a zaunar da shi a kujera, kada a jira sallama.

Likitan Tsofaffi:
NEWS2 yana da tarko a gidan tsofaffi. Mai tsohon ciwon huhu da ke kan oksijin kullum, na'ura na nuna 92, bugu 95, ya riga ya tara maki 5 a ranar da ya fi lafiya. Idan ba a rubuta lambobinsa na yau da kullum ba, ko dai a yi ta kiran ambulan a banza, ko a gaji a daina kula. Wanda jikinsa ke riƙe iskar kabon, 88 zuwa 92 ake nema masa, kuma likita ne ke rubuta hakan. Mai kula kada ta murɗa oksijin sama don ta ga 97. Mutum zai yi luf kamar ya samu sauƙi, nan kuwa suma ce take shigowa.

Anti Metiron:
Bari in yi maganar ruwa, don shi ne abin da ya fi hana tsoho zuwa asibiti kuma shi aka fi yi ba daidai ba. Baki ne farko. A nemi wajen lita 1.5 a yini idan ba a taƙaita masa ruwa ba, a san kofin gidan mil nawa yake ci, a rubuta abin da ya shiga ciki, ba abin da aka ajiye a gefen gado ba. Shayin da ya huce ba a taɓa ba, sifili ne.

Idan baki ya gaza, ta ƙarƙashin fata. Ƙaramar kanula mai laushi, lamba 24, a fatar ciki ko cinya ko saman ƙirji. Mai fizge-fizge a sa masa a baya wajen allon kafaɗa inda hannu ba ya kaiwa. A rufe da filasta mai gani-har-hanji, a rubuta kwanan wata a jiki. Ruwan gishiri 0.9, a rataye shi ya sauka da kansa, ba famfo. Wuri ɗaya ba ya ɗaukar fiye da wajen lita 1.5 a awa 24. Da igiya mai ɗigo 20 a mil, lita guda a awa 12 ɗigo 28 ke nan a minti, a awa 24 kuma ɗigo 14. A tsaya da agogo a ƙirga a 'yar kwalbar ɗigon, a ja layi a jikin leda da alƙalami da lokacin, don mai dare ta san inda ya kamata ruwan ya kai.

Ɗan kumburi mai laushi a wurin ba komai ba ne, zai sha. Ja, zafi, tauri, jini ko yoyo, a rufe a kira. Ba a sawa a fata mai kumburi ko gyambo. Abu biyu ke ɓata shi: mara lafiya ya juya ya danne igiya ruwa ya tsaya har asuba, ko a buɗe maƙunnin da yawa lita ta ƙare cikin awa uku. Idan numfashi ya ƙaru ko aka fara jin kurkur a ƙirji, a rufe nan take, musamman mai ciwon zuciya. Kuma wannan hanyar ba ta ceto wanda jininsa ya faɗi. Tana da jinkiri.

Bakatsine:
Ni ta wajen magani zan shigo. Rocephin, allurar kashe ƙwayoyin cuta, ake yawan ɗauka saboda sau ɗaya ne a yini, gram 1 zuwa 2, ya dace da zuwan tawaga. Gram 2 ana ɗaura shi aƙalla minti 30. Ba ya haɗa igiya da ruwa mai kalsiyam irin na Hartmann, don yakan daskare. Sauƙinsa ne kuma haɗarinsa: yana share ƙwayoyin hanji masu amfani, zawon ƙwayar cutar C. diff mai yaɗuwa ya biyo baya, a gidan da mutum talatin ke cin abinci a ɗaki ɗaya. Saboda haka a awa 48 zuwa 72 a duba ko zai koma na sha. Duk mai yin allurar dole adirenalin na jakarsa ko da jiki zai ƙi maganin farat ɗaya, mil 0.5 na 1 cikin 1,000 a tsokar cinya, a maimaita bayan minti 5 idan ba sauƙi. A tambayi ko jikinsa ya taɓa ƙin fenisilin kafin a fasa kwalba.

Amma allura ba ita ke kashe mutane a wannan tsarin ba, takarda ce. Tawaga na da tata takardar magani, gida na da tasa. Likita ya ce a dakatar da maganin hawan jini irin su ramifiril, da Lasix mai fitar da ruwa, da metfomin na sukari, da Brufen saboda ƙoda, ya rubuta a kwamfutarsa ya tafi. Ƙwayoyin kuwa suna nan a fakitin mako da kemis ya jera, kuma takardar gida ba ta canza ba. Ƙarfe 8 na safe mai kula za ta ɓalle ta bayar, kuma ba ta yi laifi ba, abin da ke gabanta ta bi. Ana ɗura ruwa ta fata, ana fitar da shi da ƙwayar da ake ba shi ta baki. Kada tawaga ta bar gidan sai an gyara takardar gida da sa hannu, an nuna wa mai rabon magani ƙwayar da ido. Farasitamol ma haka, a tabbata ba a rubuta shi a wuri biyu ba, kuma wanda bai kai kilo 50 ba a rage masa.

Masu ciwon Parkinson a kiyaye lokacin maganinsu Sinemet, kada ya wuce minti 30. Idan haɗiya ta gagara a kira a ranar, akwai na liƙawa a fata. Ba a ba su Haldol na kwantarwa ko Maxolon na amai. Ba a kuma daka ƙwayar da aka yi ta don ta narke a hankali.

Maman Ilham:
Malam Bakatsine ka taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Wata tambaya ga Likita: da tsoho ya ruɗe sai a ce mana a tsoma tsinke a fitsari. Yanzu kuma an ce an hana. Wanne ne?

Likitan Tsofaffi:
An hana ne da dalili. Har kusan rabin mazauna gidan tsofaffi suna da ƙwayoyin cuta a fitsari ba tare da suna ciwo ba, masu robar fitsari kuwa kusan dukkansu. Tsinken zai canza launi ko lafiyarsu ƙalau, shi ya sa ba a dogara da shi bayan shekara 65. Illar ita ce da ya canza sai kowa ya huta, a ba da magani, a daina nema, alhali abin da ya ruɗa shi yana nan. A duba ciwo, wataƙila ya faɗi ba wanda ya gani. A duba yaushe rabonsa da bahaya, don kwana huɗu ba fita ya isa ya toshe mafitsara. A ɗora na'ura a mara a ga ko fitsari ya taru. A duba sabon magani, sukari, ƙishirwa, batirin abin ji. Gwajin 4AT minti biyu ne, maki 4 ko fiye alamar ruɗewa ce. Mai shiru da barci ya fi mai ihu haɗari, don ba ya damun kowa.

Idan da gaske mafitsara ce, da zafin fitsari ko zazzaɓi ko ciwon kwiɓi, a aika fitsari lab kafin ƙwayar farko. Robar da ta wuce kwana 7 a canza ta, a ɗebi fitsarin daga sabuwar. Naitirofurantoyin, maganin ciwon mafitsara, kuma ba ya aiki sosai idan awon ƙoda ya gaza 45. Ciwon huhun da ke dawowa kowane wata, a zargi ƙwarewa wajen cin abinci: a zaunar da shi tsaye, ya zauna minti 30 bayan ci, a wanke baki da haƙoran roba safe da dare, a kira mai duba haɗiya.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Faransa ta daɗe a wannan hanya. HAD suke ce masa, kuma tun 2007 aka ba shi izinin shiga gidajen tsofaffi, EHPAD. Abu biyu nasu sun amsa kukan Anti. Na ɗaya, HAD a doka asibiti ne, wajibi ne ya amsa awa 24, kwana bakwai, da nas da za ta iya fitowa da daddare. Wannan na da muhimmanci don EHPAD da yawa ba nas a cikinsu da dare. Na biyu, ana sa hannu a yarjejeniya tsakanin gidan da HAD tun kafin a samu mara lafiya, a fayyace wa ke yin me. Suna kuma buɗe fayil tun da wuri ga mazaunin da aka ga yana gangarawa, a ajiye shi yana barci. Ranar da jiki ya rikice, ko Lahadi ce, ba a fara daga tambayar sunansa. A Amurka ma, tsarin da aka buɗe a Nuwamban 2020 ya wajabta ziyara biyu ido da ido kullum, da iya isa wurin mara lafiya cikin minti 30.

Anti Metiron:
To ka ji. Nas mai fitowa da dare, ba murya a waya ba. Har yanzu ban ga dalilin da za a ɗaura wa mutum ruwa ƙarfe 6 na yamma a gidan da ba nas, a kashe waya ƙarfe 8 ba. A fara da safe a gama kafin tawaga ta tashi, ko a bar lambar da za a zo.

Baban Sadik:
Ban ƙi ba Anti, ko da yake lita guda a awa 12 daga 8 na safe tana ƙarewa daidai lokacin tashi, haka ake tsara shi a gidan da ba nas. Saura zuciya da oksijin. Lasix ta jijiya ba ya wuce miligiram 4 a minti, wato 80 minti 20 ke nan. Saurin tura ta na iya lalata jin kunne. Ma'auninsa sikeli ne: kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, sikeli ɗaya, kaya iri ɗaya. Ana neman raguwar rabin kilo zuwa kilo guda a yini, ana bin ƙoda da fotasiyam da gwajin jini. A yi shi da safe, na biyu kada ya wuce azahar, in ba haka ba tsoho zai tashi cikin duhu yana sauri zuwa bayi, a wayi gari da karayar da ake gudu.

Injin oksijin na lantarki yawanci lita 5 ne iyakarsa, a ajiye silinda a gefe saboda ɗaukewar wuta. Idan buƙata tana hawa, jiya lita 1 yau 3, wannan kansa dalilin kira ne ko da lambar yatsa ta yi kyau. Man shafawa mai farafin irin Vaseline ba ya zuwa kusa da hanci, ba taba, ba hita kusa.

Likitan Tsofaffi:
Duk wannan bayan tambaya ɗaya yake zuwa: idan bai yi sauƙi ba, sai me? A amsa ta ranar farko, da rana, a rubuta a fom ɗin ReSPECT, inda ake rubuta abin da za a yi masa idan jiki ya rikice. Mutane na rikita shi da takardar kada a danna ƙirji idan zuciya ta tsaya. Wannan takardar danna ƙirji kaɗai ta hana, ba ta hana magani ko ruwa ko asibiti ba. Mai hankalinsa shi ke yanke wa kansa. Wanda ba ya iyawa, dokar 2005 kan masu kasa yanke wa kansu shawara ta ce a bi abin da ya fi masa alheri, a ji ta bakin iyali, amma ɗa ko 'ya ba su da ikon yankewa sai da takardar wakilci ta lafiya da aka yi wa rajista. Iyalanmu sukan ji kamar rashin kai Baba asibiti yasar da shi ne, kuma kunyar dangi na gida tana ciki. A zaunar da su a nuna musu allurar da asibiti za ta yi ita ce a ɗakin. A kuma faɗa musu abin da za su so sani, misali allurar Clexane ta tsinka jini daga hanjin alade ake samo ta, akwai madadi idan sun nema.

Idan an ga tafiya ce, alluran sauƙaƙa ciwo, haki, amai da kurkur ɗin maƙogwaro su kasance a gidan kafin Juma'a, da takardar izinin yin su. Tun Satumban 2024 kuma kowace mutuwa sai likita mai bita ko mai binciken mutuwa na hukuma ya duba kafin takarda ta fito, don haka iyalin da ke son jana'iza da wuri a sanar da tawaga tun da rai.

Kawu Na Fagge:
Ina bin ku daga gida. Mu da tsofaffinmu ke ɗaki a cikin iyali, ba za a ɗauki wannan ba?

Anti Metiron:
Kawu, ƙirga numfashi, rubuta abin da ya sha, juya shi, wanke baki, duk za a ɗauka yau. Amma abin da ya mai da wancan asibiti shi ne gwajin jini, likita mai alhaki, da motar da za ta zo idan abu ya ɓaci. Mai kemis ya zo ya rataya leda a ƙusa ya tafi ba shi ba ne, kuma lita biyu a jijiyar tsoho mai raunin zuciya na iya cika masa huhu kafin la'asar. Injin oksijin kuma da an ɗauke wuta ya tsaya.

Maman Ilham:
Na ƙarshe. Ranar sallama me za mu tsare su a kai kafin su fita ƙofa?

Bakatsine:
Magungunan da aka dakatar: wanne zai dawo, yaushe, wa zai ce a dawo da shi. An fi mantawa da na tsinka jini da na sukari, sai bayan wata biyu a tarar ba wanda ya mayar. Ranar da maganin ƙwayoyin cuta zai ƙare a rubuce. Ranar gwajin ƙoda na gaba da sunan wanda zai ɗebi jinin. Wasiƙa ta isa wurin likitan unguwa kafin zagayensa na mako.

Baban Sadik:
Ki kuma naɗe hannun rigarsa duka biyu, ki duba ciki da cinya da baya. Kanular da aka manta a ƙarƙashin suwaita takan kwana biyar kafin mai wanka ta gan ta, lokacin wurin ya riga ya yi ruwa. Idan kin same ta bayan sun tafi, kada ki cire da kanki sai an koya miki an sahale, ki kira su su dawo.